Yadda muka gyara tsofaffin kayan katako masu fenti bayan ambaliyar Alau

Madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ranar 10 ga watan aka wayi gari ruwa ya shiga Maiduguri irin shigar da ba a gani ba tun 1994. Cikin ayyukan da suka zo hannunmu bayan ya janye akwai kayan ɗakunan wani tsohon otal: wadirob, teburan gefen gado, kujerun ɗakin cin abinci da dogayen kabad. Yawancinsu na madaci ne, ƙirar shekarun 1960, da fentin mai ruwan madara, wasu da siririn koren layi a bakin ƙofofi. Masu otal ɗin so suke baƙi su ci gaba da zama a kujerun nan, su buɗe durowa su rufe kullum, kuma tsohon fentin ya kasance yana nan. Haɗa waɗannan biyu shi ne wahalar aikin.

Ruwan ya haɗu da na kwata da na shadda, kuma a farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, don haka babu wanda ya taɓa komai sai da safar hannu ta roba, takalmin ruwa da takunkumi. Da sanda muke fara duba durowa da bayan kabad, saboda maciji da kunama. Soson kujera, auduga da yadi duk mun cire mun zubar, domin ba sa wankuwa daga irin wannan ƙazanta. Faifan bayan wadirob na filawud ne, ya kumbura ya rabu falle-falle, shi ma sabo muka yanka. Gangar jikin madacin kuwa kusan duka ta tsira.

Laka tun tana da danshi ake cire ta, da ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan da soso mai laushi, a dangwala a ɗaga. In aka goge, yashin da ke cikinta ya zama sanfefa a kan fenti. Inda fenti ya riga ya ɗago kamar ɓawon ƙwai ba mu wanke ba, mun bar lakar a wurin har sai an kama fentin tukuna. Durowar da ta kumbura ba a finciko ta. A kwance faifan baya a turo ta daga ciki, in ta ƙi a bar ta, za ta saki da kanta. Kowace ƙofa, hinji da mariƙi mun rubuta musu lamba da fensir a inda ido ba ya gani, don aikin hannu ne, ƙofar wannan ba ta zama a wancan.

Bushewa ita ce ta fi cin lokaci, kuma a nan aka fi yin asara a garin. Kowa ya fito da kayansa rana, abin da hankali ke bayarwa kenan, amma katako ba ya bushewa bai ɗaya. Fuskar da rana ta buga takan tsuke alhali cikinsa na jiƙe, sai ya tsage ko ya lanƙwashe. Fenti kuma ba ya tsukewa tare da katakon da ke ƙarƙashinsa, sai ya tattare ya fashe. Akwai kan tebur guda da ma'aikata suka shanya a tsakar gida kafin mu zo, ya tsage daga baki zuwa tsakiya har ɗan yatsa na shiga, ɗan uwansa da ya kwana a inuwa bai yi komai ba. Mun jera kayan a ɗaki mai tagogi biyu, kowanne a kan bulo, ƙofofi a buɗe, fanka na juya iskar ɗakin ba tare da ta dake su kai tsaye ba. Kan tebur da ƙofofin da muka kwance mun shimfiɗa su da sanduna a tsakani, da nauyi a sama.

Daga Nuwamba matsalar ta juya. Hunturu ya shigo, iska ta bushe ƙayau, abin da muke gudu daga rana ya biyo mu har cikin ɗaki. Dole muka rufe tagogi, muka yafa wa kayan leda sako-sako, muka ajiye bokitan ruwa a kusurwa. Manajan otal ɗin ya matsa yana son ɗakunansa kafin ƙarshen shekara, abin da na ce masa shi ne: “Ranka ya daɗe, in muka ɗaure kujerar nan yau, kafin azumi za ta fara rawa.” Katakon da ya sha ruwa yakan haura kashi 25 cikin ɗari na danshi, ba a sa masa gam ko fenti sai ya sauko ƙasa da 12. Wanda ba shi da na'urar auna danshi ya ɗauki durowa guda ya riƙa ɗora ta a sikeli kowane mako. Ranar da nauyinta ya daina raguwa mako biyu a jere, ta bushe.

Fumfuna kwana ɗaya zuwa biyu ta isa ta tsiro a jiƙaƙƙen katako. A cikin durowa da duk inda babu fenti mun shafa sipirit, kashi 7 da ruwa kashi 3. A kan fenti sai an gwada a lungu da auduga a kan tsinke, don sipirit na narkar da shalak, wato wani siririn rufi mai ƙyalli da ake shafa wa katako, kuma wasu kayan an taɓa yi musu shalak a sama. Bilic ba ya zuwa kusa da fenti ko kaɗan: yana kashe launi, yana cin ƙarfe.

Sai batun da ba na sassauci a kansa. Fentin mai na wancan zamani, musamman fari da ruwan madara, sau da yawa akwai dalma a ciki. Mutanen Arewa sun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu. Duk wanda ya ɗora injin sanfefa a kan irin wannan fenti ƙurar gubar yake shaƙa, ya kuma kai ta gida a rigarsa. Mun ɗauki kowane tsohon fenti a matsayin mai dalma: ba gogewa a bushe, ba ƙonawa da wuta, in dole sai an lallaɓa bakin fentin to da jiƙaƙƙiyar sanfefa, a kwashe dagwalon a ƙulle a leda.

Kama fentin da ya ɗago aikin zama ne. Ana jiƙa gam ɗin fata, wato wanda ake yi da fatar dabba, ko jelatin giram 4 a ruwa mililita 100, a ɗumama shi cikin wani ruwan zafi, kada ya wuce digiri 60, don tafasa na kashe ƙarfinsa. A ɗiga ɗan sipirit a bakin ɓawon don ya buɗe hanya, a biyo da gam a bakin siririn burushi, za ka ga ya tsotse shi ya shige ƙarƙashi. A jira mintuna kaɗan ɓawon ya yi laushi, a ɗora takarda mai santsi wadda gam ba ya kamawa, a danna da bayan cokali mai ɗumi, sannan a aza ƙaramar jakar yashi ta kwana. Wanda ya danna tun ɓawon na da tauri, rugurguza shi zai yi. Ƙofa ɗaya mai koren layi tana iya cinye yini.

Gaɓoɓin kujeru duk sun saki, don tsohon gam ɗin fata ruwa ke narkar da shi. Wannan ma sauƙi ne, an kwance ba tare da karya komai ba. A kankare tsohon gam da ruwan ɗumi har katako ya fito, don sabo ba ya kama tsoho mai datti. Harshen katakon da ke shiga rami a gaɓa, in ya rame ya yi wa raminsa kaɗan, a liƙa masa siririn fallen katako, kada a cika ramin da gam. Wadirob da kabad mun mayar musu da gam ɗin fata, awo ɗaya da ruwa awo biyu, don mai gyara na gaba ya iya kwancewa. Kujeru kuwa, da ake ja da turawa kullum, farin gam mai jure ruwa muka sa, muka ƙara katakon kusurwa a ƙarƙashin mazauni, aka matse su awa 24. Sukurorin ƙarfe da suka yi tsatsa mun canza su da na tagulla, don tsatsa na haɗuwa da sinadarin madaci ta yi baƙin tabo da ke hudowa ta cikin fenti.

Gurbin da fenti ya zube mun cike da alli da aka kwaɓa da gam, muka daidaita launi a gurbin kaɗai. Sabon ruwan madara ya fi tsohon haske, sai an karya shi da ɗigon fenti ruwan ƙasa, kuma a rana ake duba shi bayan ya bushe. Daga nan shalak siriri sau ɗaya don ya raba tsoho da sabo, sai banish na ruwa marar ƙyalli sau biyu. Banish na mai yana komawa rawaya a kan fenti mai haske. Wannan rufin kuma yana rage haɗuwar hannun baƙo da dalmar. Teburan gefen gado mun ɗora musu gilashi mai kaurin milimita 6, saboda kofin shayi da turare. Kujerun yara kuwa mun hana a mayar da su aiki, yaro yana tauna abin da ya samu.

Durowa da ƙofofin da aka daidaita a hunturu an daidaita su ne lokacin da katako ya fi tsukewa a shekara. Faifai mai faɗin santimita 40 yana iya ƙara milimita 3 zuwa 5 in damina ta yi nisa, don haka mun bar rarar milimita 2 a kowane gefe, muka shafa kakin zuma a hanyar durowa. Masu shara mun roƙe su tsumma mai ɗan danshi kawai, ba omo, ba bilic, kuma kada a kwarara ruwan mopa a gindin ƙafafu, don ta nan katako ke fara sha. Ƙafafun da kansu mun toshe ƙasansu da banish sau uku muka sa musu takalmin roba.