Kwamfutata da matsalar rufe murfi

Laraba, Abuja

Da hantsi aka ɗauke wuta a ofis, sai na rufe murfin kwamfutar cinyata domin in tattala batir. Da na buɗe ta bayan sallar azahar, takardar da nake rubutawa tana nan yadda na bar ta, amma alamar Wi-Fi ta ɓace ɗungurungum, faifan da ake shafawa da yatsa kuma ya daina motsa kibiya. Hankalina ya tashi, domin rahoton da ake jira kafin a tashi daga aiki yana ciki. Wani abokin aiki ya ara mini linzami mai waya, da shi na sake kunna ta, nan take komai ya dawo. Ina sake rufe murfin, matsalar ta dawo.

Bayan la'asar na nufi Banex Plaza da ke Wuse II, wajen wani mai gyara da na daɗe da sani. Ya saurare ni a tsanake, ya ce, "Yallaɓai, babu abin da ya ƙone. Da katin Wi-Fi ɗin ya mutu, sake kunnawa ba zai tashe shi ba."

Bayanin da ya yi mini ya gamsar da ni. Akwai ɗan maganaɗisu da ke sanar da kwamfuta cewa an rufe murfi, sai ta shiga barci: ta bar wa RAM, wato ma'adanar wucin gadi da ke riƙe aikin da ake kai, 'yar wuta domin kada aiki ya ɓace, ta janye wuta daga sauran sassa. Idan aka buɗe, kowane sashe yana jiran ƙaramar manhajar da ke tuƙa shi, wadda masu gyara ke kira direba, ta tashe shi. In direban ya tsufa, ko bai dace da salon barcin na'urar ba, sashen zai ci gaba da kwanciya alhali sauran sun farka. Ya rubuta umarnin powercfg /a, wanda ke nuna irin barcin da kwamfuta ke iya yi, muka ga cewa tawa ba ta da tsohon salon barci da ake kira S3, sabon salon da ya yaɗu tun fitowar Windows 10 a 2015 take yi. Ya kuma ja kunnena cewa kashewa (Shut down) ba daidai take da sake kunnawa (Restart) ba, domin tun daga Windows 8 na 2012 kashewa takan adana direbobi yadda suke saboda saurin tashi.

Ya cire izinin da ke barin kwamfuta ta kashe katin Wi-Fi don tsimin batir, ya sauko da sababbin direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Wi-Fi ya daidaita, amma faifan yatsa yana ɗan gardama har yanzu. Saboda haka muka saita murfin ya riƙa kai ta dogon barci na S4, inda ake kwashe aikin a ajiye a kan faifan ajiya, wuta ta yanke gaba ɗaya. Tashinta ya ɗan ƙara jinkiri, amma ga wanda ba shi da tabbacin wuta, wannan ya fi mini, tunda batir ba ya zurarewa a cikin jaka.

Na ji daɗi da bai sayar mini da sabon kati ba, alhali da ya ce in saya, da na saya. Saura sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta idan an kunna ta, aikin da ya ƙi taɓawa yau saboda batirina ya yi ƙasa, kuma yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya hana kwamfuta tashi. Mun yi da shi zan kawo ta ranar Asabar a cike da caji.