Harafi na bakwai a fayil ɗin mai karayar kwarmin ido

Ma'aikacin ɗakin kati a Gusau ko Birnin Kebbi ya saba da irin wannan fayil: babur ya kayar da mutum a hanyar Ƙaura ko Argungu, kwarmin idonsa ya karye, yanzu ya dawo ganin likita wata uku bayan hatsarin. Hannu na saurin rubuta lambar jinkirin warkewa, tunda an daɗe. Babban darasin aikin shi ne kalanda ba ta ba da lamba. Abin da likita ya rubuta ake bi.

A fara tantance littafin da ake aiki da shi. ICD-10, kundin lambobin cututtuka da raunuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya tsaya a S02.3 ga karayar ƙasan kwarmi, jinkirin haɗewar ƙashi kuma lambarsa daban, M84.2. ICD-10-CM na Amurka ne ke da harafi na bakwai, wanda ake sawa a ƙarshen lamba don nuna matakin da jinyar karayar take. Cakuɗa biyun a fom ɗaya na sa masu inshora su mayar da takarda.

A tsarin na Amurka, wurin karayar ake fara nema. Ƙasan kwarmi S02.31 ne a dama, S02.32 a hagu. Bangon wajen hanci S02.831 ko S02.832, bangon wajen kunne S02.841 ko S02.842, rufin kuwa yana can cikin karayar gindin ƙoƙon kai, S02.121 ko S02.122. Lambobin bango da na rufi sun shigo a Oktoba 2019, don haka tsohon littafi ba ya da su. S02.85 na lokacin da likita bai faɗi bango ba ne; idan rahoton hoton CT na cikin fayil, gara a koma a tambaye shi.

Sai harafin. D na ƙashin da ke haɗewa yadda ya kamata, G na wanda likita ya ce yana jinkiri, K na wanda ya ƙi haɗewa, S na larurar da karayar ta bari. Dole harafin ya zauna a gurbi na bakwai, shi ya sa gajeriyar lamba ke ɗaukar X don cike gurbi: S02.32XG, amma S02.832G ba ta buƙata. Mantawa da X ɗin nan ƙaramin abu ne da ke hana kwamfuta karɓar lamba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne A. Ba ya nufin zuwan farko, yana nufin ana kan ainihin maganin karayar. Wanda ya yi makonni a gida ana masa na gargajiya kafin ya zo asibiti, A zai samu, duk daɗewar raunin. Haka nan gani bibbiyu ko faɗawar ido ciki ba hujjar G ba ce. Tsoka na iya maƙalewa a karayar, ko kwarmin ya ƙara faɗi, alhali ƙashi ya haɗe sarai. Idan likita ya ce ragowar rauni ne, a fara da larurar, misali H53.2 ta gani bibbiyu, a bi ta da lambar karaya mai S.

Lambar musabbabin hatsari ba ta da G. Ko karayar na ɗauke da G, ta babur D za ta ɗauka, kuma ba a sake sa Y92 ta wurin hatsari bayan zuwan farko.