Ranar da aka hana ni kwikwiyo

A hunturuna na biyu a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada na kama kaina ina yi wa firji magana. A watan Disamba nan garin kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, sanyi kuma yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Ka dawo daga aiki, ka buɗe ƙofa, ba mai ce maka sannu da zuwa. Shi ne na ce zan nemi kare. Ni ɗin nan, da bakina.

Kuma ba kowane kare ba, haski nake so, irin na wani maƙwabcina, mai shuɗayen idanu da fuska kamar an zana masa ita da alli.

Aka yi mini kwatancen wata tsohuwa da ke kiwonsu a bayan gari. Na je da kuɗina a aljihu, a tunanina zaɓa kawai zan yi in ɗauka. Sai matar nan ta zaunar da ni kamar na zo neman auren 'yarta. Awa nawa nake yi a wurin aiki? Na ce sha biyu. Akwai fili a gidan? Na ce a hawa na uku nake. Wa zai fita da shi? Na yi shiru. Don in rufa wa kaina asiri sai na ce ai gadi nake so ya yi mini.

Dariyar da ta yi har yau tana cikin kunnena. Ta ce haski in ya ga ɓarawo, kaɗa masa wutsiya zai yi, ya raka shi har bakin mota. Ta ce mutanen Cukci na Saiberiya ne suka raine shi don jan kaya a kan ƙanƙara, kuma irinsa na cikin karnukan da suka kai magani garin Nom na Alaska a 1925, tafiyar sama da kilomita 1,000. Kare mai wannan jini, in bai samu gudun kamar awa biyu a rana ba, kujerarka zai yayyage. Ba ya cika haushi, kuka yake yi mai tsawo da zai tashi bene gaba ɗaya. Yana haƙa ƙarƙashin shinge, yana tsallake shi, in ka kwance masa igiya sai ka gan shi a wata unguwa. Sau biyu a shekara yana zubar da gashi har ka rasa inda za ka ajiye sallaya. Kuma zai kai shekara 12 zuwa 14 a hannunka. Daga ƙarshe ta ce abin da ya fi tsana shi ne a bar shi shi kaɗai.

Wannan ce ta soke ni. Ashe ni da shi ciwonmu ɗaya.

Gaskiya ta faɗa, amma ban yafe mata ba tukuna. Ni da nake riƙe da karatun ƙannena uku, a ce ban isa riƙon kwikwiyo ba!

A mota na kira Hajiya, na ba ta labari don ta taya ni jin haushi. Ta yi salati, ta ce, "Kare, Auwalu? A ɗakin da kake kwana?" Can ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko ina cin abinci. Ta ce tun rasuwar Baba ita ma takan bar rediyo a kunne har asuba, ba don tana saurare ba. Ban taɓa sani ba. Ta ce Zainabu ta fara rarrafe, ƙafar Kawu ta sake kumbura, rufin ɗakin baya kuma yana yoyo. Ina ajiye a gefen titi, injin na aiki, muka yi awa guda da rabi, har katina ya ƙare.