Kawu ya ce olsa ce

Alhamdu lillahi, an sallamo kawuna daga asibiti. Masu kira da masu zuwa dubiya, Allah ya bar zumunci.

Abin da ke ta yi min yawo a rai shi ne yadda ciwon ya shigo a ɓoye. Bayan sallar isha'i ya zauna kan tabarma yana ta gyatsa, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun masara. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, alhali ana tsakiyar hunturu. Sai murza hannun hagu yake yi, wai har muƙamuƙinsa ke ciwo. Na ce, "Kawu, ku tashi mu je asibiti." Ya ce olsa ce, a sayo masa magani a kemis. Da ƙyar Inna ta shawo kansa.

Gwajin ECG, wato na'urar da ke auna yadda zuciya ke aiki, da na jini suka nuna bugun zuciya ne, gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini. Likita ya ce duk jinkirin da aka yi, tsokar ke ƙara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta farfaɗowa. Mata da masu ciwon suga ma wani lokaci haki, tashin zuciya ko kasala kawai suke ji.

Mu dai komai olsa, komai shawara. Idan nauyin ƙirji ya wuce 'yan mintuna, a nemi mota zuwa asibiti, kuma kada mai ciwon ya tuƙa da kansa.