Yadda na mayar da tsofaffin mayafan tebur da zannuwan gado abin amfani

Na daɗe ina aiki da tsofaffin yadudduka masu surfanin hannu: mayafin tebur, rigar matashi, zanin gado mai leshi a baki. Da farko tabo nake gudu, sai daga baya na gane ba shi ke kashe aiki ba. Tabo ana iya kauce masa da almakashi. Zaren da ya ruɓe kuwa ba shi da magani, kuma ido ba ya ganinsa.

Don haka kafin komai sai na ɗaga yadin a gaban taga. Duk inda haske ya ratsa fiye da sauran wurin, zare ya cinye, sai in kewaye shi da alli. Yawanci wurin da aka daɗe ana ninkewa ne, da tsakiyar zanin gado inda jiki ke gogawa. Gefunan zanin kan fi ƙwari. Sannan in kama yadin da hannu biyu, tazarar kamar santimita 5, in ja a hankali. In na ji yana ɗan tsatsagewa, ko ya yage ba da wani ƙarfi ba, wannan ɓangaren ya zama tsumma. Wannan gwajin ina maimaita shi bayan wanki, domin tsohon sitaci yana riƙe zaren da ya mutu, sai ruwa ya wanke shi asiri ya tonu. Na taɓa yanka fuskar matashi guda huɗu daga mayafin da ban wanke ba, a wankin farko, biyu daga ciki suka buɗe ta layin ninki.

In ban san ko wane irin yadi ba ne, nakan zare zare biyu daga kalmasa in kusanta su da wuta. Auduga da lilin suna ci kamar takarda, su bar toka mai laushi. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi. Na roba narkewa yake ya dunƙule. Da wannan nake sanin zafin gugar da zai ɗauka.

Wajen wanki ne aka fi yin ɓarna. Bilic mai kulorin yana raunana zaren auduga da lilin, kuma in tabon tsatsa ne sai ya ƙara kama shi. Abin da nake amfani da shi shi ne garin cire tabo mai iskar oksijin, cokali 2 a lita 4 na ruwan ɗumi, in jiƙa awa shida ko ya kwana, in sake ruwan in ya yi ɗorawa. Siliki da ulu ba a sa su a ciki. Kafin jiƙawa sai na danna jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan kowane launi na surfanin, musamman ja, wanda ya fi saurin zuba. In ƙyallen ya ɗauki launi, ruwan sanyi kawai da ɗan sabulu mara ƙarfi, kuma ba a barinsa ya daɗe a ruwa. Tsatsa kuwa ruwan lemon tsami da gishiri nake shafa mata, in shanya a rana kamar awa ɗaya, in ɗauraye sosai don kada tsamin ya zauna ya ci zaren. Ba na murɗa jiƙaƙƙen tsohon yadi. Naɗe shi nake a tawul in danna, in goge shi da sauran danshinsa, fuskar surfanin a kife kan tawul don kada aikin ya baje.

Yanka shi ne wurin da nake ɓata lokaci da gangan. Nakan yanke taga a kwali daidai girman abin da zan ɗinka, in riƙa zagayawa da ita a kan yadin har furen ya zauna inda nake so, tabon kuma ya faɗa waje ko cikin rarar da ake bari a gefe don ɗinki. Tsohon yadi ya sha ja da guga, bakinsa ba abin dogaro ba ne, saboda haka nake zare zare ɗaya in bi layinsa da almakashi. In dole yankan ya ratsa ta cikin surfani, sai na fara bin wurin da keke layi biyu, sannan in yanka a bayansu. In ba haka ba, zaren surfanin zai riƙa warwarewa har ya shigo fuskar aikin.

Rigar matashi mai santimita 40 ita ce abin da na fi yi. Fuskar 42 da 42 nake yankawa. Bayan kuma ƙyalle biyu na sabon yadi, kowanne 42 da 28, in kalmashe gefe ɗaya na kowanne sau biyu, santimita ɗaiɗai, su hau juna da santimita 10, babu buƙatar zif. Sabon yadin dole a wanke shi tukuna, domin shi zai tsuke, tsohon kuwa ya gama tsukewarsa tun tuni, sai ɗinkin ya tattare.

Tsohon yadi ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai, sai da shafi. Na gwada gam mai kauri, wato shafin da ake mannawa da guga, ya sandarar da yadin kamar kwali, kuma bayan wanki uku ya yi ta kumbura inda ya saki. Yanzu farar auduga mara nauyi nake shimfiɗawa a baya, in riƙe su da manyan ɗinkin hannu, in ɗinka su a matsayin abu ɗaya. Allurar keke mai lamba 70 ko 80, sabuwa, tsawon ɗinki milimita 2.5. In ɗinkin ya yi ƙanana ƙwarai, hudojin allurar sukan jeru su zama layin yagewa.

Ƙananan huji ba na ɓoye su. Nakan sa ƙyalle a ƙasa in cike wurin da ɗinkin hannu, ko in yanko fure daga wani yadin da ya mutu in ɗora a kai. Leshin baki kuma warware shi nake da abin farke ɗinki, tunda in an yanka shi sai ya zare. Sau da yawa ya fi yadin da ke jikinsa ƙwari, yana zama a bakin labule ko tawul.

Guntayen da ba su kai tafin hannu ba suna zama 'yar jakar ajiye allura ko rigar maɓalli. Surfanin da ya yi kyau amma yadinsa ya yi rauni, firam nake sa masa, a kan kwali marar asid, da 'yar tazara tsakaninsa da gilashi don kada danshi ya taru, kuma nesa da inda rana ke bugawa. Wanda fumfuna ta kama har warin ya ƙi fita bayan jiƙo biyu, ba na haɗa shi da sauran ko a akwati ɗaya.