Sabon Yayin Adon Ɗaki da Ƙurar Kano: Abin da Gyaran Falona Ya Koya Mini

Duk wanda yake bibiyar masu tsara cikin gida a Instagram da Pinterest zai lura cewa zamanin bango mai ruwan toka da tayil mai ƙyalli yana ja da baya, kuma abin da ake hasashen zai mamaye shekara mai kamawa shi ne launukan ƙasa, da kayan aikin hannu, da kujeru masu lanƙwasa, da rage tarkace a ɗaki. Kamfanin Pantone na Amurka, wanda yake ayyana launin shekara, ya zaɓi Peach Fuzz a 2024, sannan ya zaɓi Mocha Mousse a 2025, wato ruwan ƙasa mai laushi irin na koko, kuma masu fenti da masu labule suna bin wannan hanya. Da na tashi gyara falona bayan ɗaukewar damina, na yi niyyar gwada wannan yayi, amma da sharaɗin duk abin da zan shigar ya iya jure hunturu da bazarar Kano.

Na fara da bango. Mai fentin da ya yi mini aiki, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, da na nuna masa hoton launin a waya sai ya ce, "Hajiya, ai wannan makuba ce." Gaskiyarsa kuwa, domin makubar da magina suke haɗawa da ɓawon ɗorawa su shafe katangar ƙasa tana ba da kusan wannan launi, kuma wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ya san yadda irin wannan bango yake kwantar da ido. Ya shafa kala uku a gefe guda, kowacce kamar faɗin faifai, ya ce in dube su da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna wuta. Wadda ta fi burge ni da rana sai ta koma duhu da dare, saboda haka muka ɗauki mai haske daga cikinsu ga bango uku, muka bar mai duhun ga bangon da yake bayan doguwar kujera. Shi ne kuma ya hana ni fenti marar sheƙi da ake yayi a Turai, ya ce a gidan da yake da yara da ƙura, wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma ya fi, ko da yana ɗan ƙyalli.

Silin POP mai hawa-hawa da aka cika yi a sababbin gidaje na ƙi shi da gangan. Yana rage tsayin ɗaki a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma kowane lungu nasa matattarar ƙura ce da hannu ba ya kaiwa. Na bar silin a shafe.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne labule da shimfiɗa. Karammiski yana da kwarjini, kuma shi ne abin da yawancin amare suke so a jerensu, amma yana riƙe ƙura fiye da kowane yadi, ga wahalar wanki. Na sayi yadin auduga mai kauri a Kantin Kwari, mai ruwan madara, na sa tela ya ɗinka shi yadda zan iya cirewa in wanke ba tare da na kira kowa ba. Domin rigunan matasan kujera kuwa, na je marinar Ƙofar Mata, wadda tarihinta yake komawa 1498, na tsaya ina kallon yadda ake tsoma zane a rijiyar baba a ɗago shi kore-kore, iska tana bugunsa yana rikiɗa shuɗi a gaban idona. Marinin ya gargaɗe ni da in wanke zanen shi kaɗai kafin ya taɓa kujera, domin rinin baba yana zuba a farko, kuma kada in ajiye shi inda rana take duka ta taga. Babu wani abu a falon da baƙi suke tambaya a kansa kamar waɗannan matasai, kuma ina jin daɗin cewa kuɗina ya shiga hannun masu sana'ar da take neman masu saye.

A Kasuwar Kurmi na samo tum-tum biyu na fata da faya-fayai masu launi da na jera a bango maimakon hotunan da ake shigowa da su daga waje. Fata tana bushewa ta tsage da hunturu, don haka nake shafa mata ɗan man kaɗe jefi-jefi. Kujerun da nake da su ban sayar ba. Kafinta ya sake musu soso da yadi, ya zagaye kusurwoyin hannayensu, kuma abin da na kashe bai kai kuɗin sabon saiti ba ko kusa.

Darasin da ban zata ba ya zo ne daga ƙwan lantarki. Farin ƙwai mai Kelbin 6500 (Kelbin shi ne ma'aunin launin hasken ƙwai) da muka saba saye yana kashe launin ƙasa, ya mayar da shi kamar datti, amma da na sa mai Kelbin 3000 sai bangon ya yi ɗumi, shuɗin matasan ya fito. Maimakon fitila ɗaya a tsakiya, na rarraba ƙanana uku na LED masu wat 9, waɗanda batirin solarmu yake ɗauka har dare ya raba.

Akwai kuma wani abu na yayin da ban bi ba, wato kawar da kabet ɗin kwanuka da sunan rage kaya. Gwaggona da ta zo ganin aiki ta tsaya a gabansa ta ce, "'Yar nan, wannan dai ki bar shi, tasoshin mahaifiyarki ne a ciki." Na rage abin da yake ciki zuwa tasoshin da 'yan kwanukan samira, na sa kafinta ya canza masa gilashi, muka matsar da shi kusa da ƙofar shiga.