Saƙon godiya daga gidanmu na Ƙofar Marusa bayan aikin Yaya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Yayanmu daga asibiti, ya dawo gida Katsina da ƙafafunsa bayan tiyatar da aka yi masa ta cire ƙari a gindin ƙoƙon kai. Hajiya ce ta ce in rubuta wannan a madadin gida, don waɗanda suka tsaya mana sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan godiya ga Allah, mutum na farko da zan ambata shi ne likitan idon da ya duba Yaya a nan Katsina. An daɗe ana canza masa tabarau, ciwon kai bai daina ba, yana ta karo da bakin ƙofa, babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba. Likitan ya gwada faɗin ganinsa, ya ga gefen waje na idanun biyu ne ya tafi, sai ya ce mana ƙwayar idon lafiyarta lau, a je a ɗauki hoton MRI na kai. A ganina wannan maganar ce ta ceci idon Yaya. Da wani ne mai son ciniki, da ya sake rubuta mana gilashi mun tafi.

Hoton ya nuna ƙari a jikin fitutari, wata 'yar ƙwaya da ba ta wuce girman wake ba, wadda ke zaune a ƙasan ƙwaƙwalwa tana sarrafa sinadaran jiki. Dab da samanta jijiyoyin gani biyu suke gittawa, shi ya sa idan ƙarin ya haura santimita 1 ya ci gaba da girma yake danne su. Dama da hagu kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ne. Wuri ne matsattse, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da likitan kunne, hanci da maƙogwaro tare suka shiga, ta hanci suka bi da siririyar kyamara, ba a fasa kai ba. Sun ɗan yanko kitse daga tumbin Yaya suka toshe ƙofar da suka buɗe don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa zubowa. Kafin a sa hannu a takarda sun zaunar da mu sun faɗi haɗarin da ke ciki ba ɓoye-ɓoye, har da yiwuwar ganin da ya tafi ba zai dawo duka ba. Allah ya saka musu da alheri, su da likitan sa barci da ba mu ma ga fuskarsa sosai ba.

Su kuwa nas-nas na ɗakin kulawa ta musamman, ban san da bakin da zan gode musu ba. Bayan aikin Yaya ya kama ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, hankalinmu ya tashi. Su ne suka kwana suna auna abin da ya sha da abin da ya fitar, suka bayyana mana cewa hakan na faruwa idan an taɓa wurin, aka ba shi magani ya lafa. Wata dattijuwa a cikinsu ta lura da abin da ya fi damunsa, wato salla. An hana shi sunkuyar da kai, da fyace majina, da ɗaukar kaya, da yunƙuri, na tsawon makonni. Ta ce masa: "Alhaji, ka yi sallarka a zaune, sujadar za ta jira ka." Limamin unguwarmu da muka kira a waya ya ƙara masa da cewa shaƙa ruwa a alwala sunna ce, ya bar ta har hancin ya warke, ruku'u da sujada kuma ya yi su da ishara. Daga ranar ya fara barci sosai.

Muna godiya ga samarin majalisar ƙofar gida da suka bi mu suka ba da jini, da abokan sana'arsa na Babbar Kasuwa da suka riƙe masa rumfa suka haɗa gudummawa, da matan adashin Hajiya da suka ba ta kwasa tun ba layinta ba. Dangi na Daura da Mani da Jibiya, saƙonninku sun iso. Aunty, matarsa, ita ta sha jinyar fiye da kowa, Allah ya biya ta.

Sakamakon gwajin ƙarin ya fito, ba ciwon daji (kansa) ba ne. Ganinsa na gefe ya fara dawowa, ɓangaren dama ya fi saurin buɗewa. Yana shan haidirokotizon kullum, maganin da ke cike gurbin wani sinadarin jiki, kuma likitan sinadaran jiki ya ja mana kunne kada ya tsallake ko ya daina da kansa. Akwai gwajin jini da wani hoton MRI nan gaba, don irin wannan ƙarin bibiya yake buƙata.

Masu son zuwa dubiya muna maraba da ku bayan la'asar. Don Allah mai mura ko tari ya yi haƙuri ya kira waya, kuma a bar turaren wuta a gida, don atishawa na cikin abin da aka ce ya kiyaye. Marasa lafiyar da muka baro a ɗakin, musamman yaron da aka kawo daga Maraɗi da ke jiran nasa aikin, a sa su a addu'a. Mun gode, Allah ya bar zumunci.